Alamar da Ta Ƙi Goguwa: Darasi a Kan Bin Diddigin Matsala a Rubutun Kwamfuta

Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, saura kwana biyu a rufe karɓar kundayen digiri na farko, wata ɗaliba da nake duba aikinta ta shigo ofishina rungume da kwamfutarta, idanunta sun yi ja. Ta shafe kusan shekara tana bin kududdufai da magudanan ruwa tana tattara katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya, kuma duk sakamakon wannan wahala yana cikin fayil guda. Bayan mun gaisa sai ta ce, “Malam, cuta ta shiga kundina. An ce mini sai an wanke kwamfutar baki ɗaya.”

Da na duba sai na tarar shafukan sun cika da ƙananan alamomi. Akwai ɗigo tsakanin kowace kalma da ’yar’uwarta, akwai wata alama mai kama da harafin P da aka juya baya a ƙarshen kowane sakin layi, sannan ga wani ɗan baƙin murabba’i a gefen kowane kanun babi. Ta kwana tana goge su ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu sun gogu, har babi na uku ya dunƙule ya zama sakin layi guda mai shafi tara. Baƙin murabba’in kuwa ya ƙi motsi. Ta goge kanun ta sake bugawa, ya dawo. Garin neman ƙiba ta samo rama.

Babu wata cuta a kwamfutar, kuma babu laifin kowa. Wannan maƙala za ta bayyana mene ne waɗannan alamomi, me ya sa waɗansunsu ba sa goguwa, da kuma hanyar da mai karatu zai bi ya gano asalin kowace baƙuwar alama kafin ya taɓa ta. Za a yi misali da manhajar Word a kan Windows, domin ita ce aka fi amfani da ita wajen rubuta kundi a jami’o’inmu, amma ƙa’idar ɗaya ce a sauran manhajojin rubutu.

Darasi daga ɗakin gwaji

Duk ɗalibin kimiyyar halittu ya san abin da kan faru a makon farko da aka ba shi madubin duba ƙananan halittu. Yakan hango wani ɗigo baƙi, ya zana shi a littafinsa da murna, yana zaton ya ga halitta. Sai malami ya ce masa ya motsa gilashin da aka ɗora samfurin a kai. Idan ɗigon ya bi gilashin, to yana cikin samfurin. Idan ya tsaya cik, sai a murza bakin madubin da ake ɗora ido. Idan ɗigon ya juya tare da shi, ƙura ce kawai a kan gilashin ido. Abin da ido ya gani wuri ɗaya yake, amma yana iya kasancewa a kowane hawa tsakanin samfurin da idon mai kallo. Wanda bai bambance ba zai yi ta wanke samfurinsa har ya lalata shi, ƙurar kuwa tana nan daram.

Haka shafin kwamfuta yake, hawa-hawa ne. Hawa na farko shi ne haruffan da aka buga. Na biyu shi ne tsari, wato umarnin da ke faɗin girman harafi, da tazarar layi, da inda shafi zai ƙare. Na uku shi ne hotuna da akwatunan rubutu masu shawagi a kan shafi. Na huɗu shi ne kan shafi da ƙasan shafi, inda lambar shafi take zama. Na biyar kuma shi ne alamomin da manhaja ke zanawa domin amfanin mai rubutu kaɗai. Maɓallan gogewa guda biyu, Backspace da Delete, suna aiki ne a kan abin da ɗan layin nan mai ƙiftawa, wanda za mu kira manuni, zai iya tsayawa a gabansa ko a bayansa, ko kuma abin da aka zaɓa da linzami. Saboda haka idan alama ta ƙi goguwa, alamu sun nuna ana neman ta ne a hawan da ba nata ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Haruffan da ba a gani

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A shekarar 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka, aka yi masa gyara a 1967. Tsarin yana da gurabe 128. Daga ciki 95 na haruffa ne da alƙaluma da alamomin rubutu da tazara, sauran 33 kuwa umarni ne da ba su da siffa. Waɗanda suka yi aiki da tafireta za su tuna cewa idan layi ya ƙare sai a tura sandar da ke mayar da takarda farkon layi, ta kuma ɗaga ta sama. Waɗannan motsi biyu su ne suka zama lamba 13 da lamba 10 a tsarin, tsallaken da maɓallin Tab ke yi kuma ya zama lamba 9. Ashe duk lokacin da mutum ya danna Enter harafi ya buga, sai dai harafi ne marar launi.

A ɗakin gwaji idan muna son ganin abin da ba shi da launi rina shi muke yi. Tun 1884 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya samar da hanyar rina bakteriya wadda har yau ake koyar da ita. Rinin ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan gilashi, bayyana waɗanda suke wurin kawai yake yi. Manhajar rubutu ma tana da nata rinin. Idan aka danna Ctrl da Shift da 8 a tare, ko aka latsa hoton ¶ da ke saman allo, sai duk ɓoyayyun haruffa su fito. Idan aka sake dannawa sai su ɓuya. A kwamfutar Mac maɓallan su ne Command da 8.

Nan ne asirin matsalar ɗalibar ya tonu. A jadawalin sakamakonta tana sanya tauraro a gefen alƙaluman da suka nuna bambanci mai ma’ana, tauraro kuwa da Shift da 8 ake buga shi. Ƙaramin yatsanta ya taɓa Ctrl ba ta sani ba, rini ya zuba a kan kundin gaba ɗaya.

Ire-iren alamomin da ma’anarsu

Alamomin da rinin ke fitarwa sun kasu gida biyu. Gida na farko su ne waɗanda ke wakiltar harafi na gaske, don haka ana iya goge su, kuma nan haɗarin yake. Ɗigo a tsakiyar layi tazara ce tsakanin kalmomi. Ɗan zobe mai kama da alamar ma’aunin zafi tazara ce da ke hana kalmomi biyu rabuwa a ƙarshen layi, irin wadda ya kamata a sanya tsakanin adadi da ma’auninsa. Kibiya mai duban dama aikin Tab ne. Kibiya mai lanƙwasa tana nuna an sauka sabon layi da Shift da Enter ba tare da buɗe sabon sakin layi ba. Ita kuma ¶ ƙarshen sakin layi ce. Tsohuwar alama ce da marubutan Turai ke zanawa da jan tawada a littattafan hannu tun kafin zuwan injin ɗab’i.

Ya kamata a fahimci cewa ¶ ta wuce alamar iyaka. A cikinta Word ke ajiye tsarin sakin layin da ta rufe: tazarar layukansa, da daidaituwarsa, da salonsa, ko kanu ne ko gundarin rubutu. Idan aka goge ta, sakin layi biyu sai su haɗe su ɗauki tsari guda. Abin da ya narkar da babi na uku ke nan, ƙananan kanunsa suka bi ruwa, jerin abubuwan da ke ciki kuma ya rasa su.

Mafi haɗari a wannan gida ita ce alamar rabe sashe, wadda kan fito da siffar layi biyu na ɗige-ɗige da rubutu a tsakiya. Ita ce ke riƙe da tsarin sashen da ke samanta, kamar faɗin gefen takarda da irin lambar shafi. A kundin digiri ita ce ke raba shafukan farko masu lambar Romawa da gundarin aiki mai alƙaluman da aka saba. Wanda ya goge ta zai ga sashen sama ya ɗauki tsarin na ƙasa, lambobin shafi su rikice.

Gida na biyu su ne alamomin da ba harafi ba ne, don haka maɓallin gogewa ba ya isa gare su. Ɗan baƙin murabba’in da ke gefen hagu sanarwa ce cewa an ɗora wa sakin layin wani sharaɗi, misali kada ya rabu da wanda ke biye da shi, ko kada layukansa su rabu tsakanin shafi biyu, ko ya fara a sabon shafi. Salon kanu na Word yana zuwa da irin wannan sharaɗi tun asali, domin kada kanu ya maƙale shi kaɗai a ƙasan shafi alhali bayaninsa ya tsallaka gaba. Shi ya sa duk lokacin da ɗalibar ta sake buga kanu murabba’in ke dawowa. Aiki yake yi mata. Wanda yake da dalilin cire sharaɗin zai same shi a akwatin Paragraph, ƙarƙashin Line and Page Breaks.

Haka nan alamar ¤, mai kama da zobe mai ƙaho huɗu, tana nuna ƙarshen kowane gurbi a jadawali da ƙarshen kowane jeri, kuma tana nan muddin gurbin yana nan. Alamar ƙugiyar jirgin ruwa tana nuna sakin layin da aka ɗaure hoto mai shawagi a jikinsa. Ita kanta ba ta goguwa, amma wanda ya zaɓi sakin layin dungurungum ya goge, hoton ma zai tafi. Daga ƙarshe akwai ¶ ta ƙarshen fayil. Wannan ko an kwana ana danna Delete ba za ta tafi ba, domin tsarin manhajar bai yarda a sami fayil marar sakin layi ko ɗaya ba.

Tambayoyi biyar na tantancewa

Masana halittu suna gane sunan tsiro ko ƙwaro ta hanyar jerin tambayoyi masu amsa i ko a’a, kowace amsa tana rage yawan abin da ake zato. Irin wannan jeri ne na tsara a nan. Amma kafin komai a adana kwafin fayil da wani suna, a yi gwaji a kan kwafin. A canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, a duba sakamako, in bai yi ba a mayar da shi da Ctrl da Z kafin a gwada na gaba. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko da matsalar ta warke, bai san maganin ba.

Tambaya ta farko: idan aka gangara da shafi sama ko ƙasa, alamar tana bin rubutu? Idan ta tsaya wuri ɗaya, har ana ganinta a wata manhaja daban, to datti ne a kan gilashin allo ko kuma wani ɗigon hasken allon ne ya mutu. Wannan ita ce ƙurar gilashin ido, babu ruwan fayil da ita.

Tambaya ta biyu: tana fitowa a takarda? Ba sai an ɓata takarda ba. A danna Ctrl da P, manhaja za ta nuna yadda shafin zai fito. Idan babu alamar a wurin, to ta hawa na biyar ce, a kashe rini da Ctrl da Shift da 8. Idan waɗansu sun ƙi ɓuya, an umarci manhajar ne ta riƙa nuna su kullum, sai a shiga File, a shiga Options, a shiga Display, a cire musu maki.

Tambaya ta uku: tana maimaituwa wuri ɗaya a kowane shafi? Idan haka ne, a kan shafi ko ƙasan shafi take zaune, ko da kuwa ana ganinta a tsakiyar takarda. Dusasshen rubutu ko tambarin da kan kwanta a bayan rubutu yana cikin wannan rukuni. A latsa linzami sau biyu a can saman shafi, wannan hawa zai buɗe, a zaɓi abin a goge.

Tambaya ta huɗu: manuni yana iya tsayawa a gabanta da bayanta? Idan ba ya iyawa, amma tana tafiya tare da wani sakin layi, to sifar sakin layin ce. Shahararren misali shi ne dogon layin nan da ke ratsa shafi daga gefe zuwa gefe. Idan mutum ya buga karan ɗori uku a layi shi kaɗai ya danna Enter, Word kan mayar da su iyaka a ƙarƙashin sakin layin da ke sama. Haka ma alamar daidai uku ko tauraro uku. Mai rubutu yana ganin layi, manhaja tana ganin ado a jikin sakin layi. Maganinsa shi ne a sanya manuni a sakin layin da ke saman layin, a buɗe Borders, a zaɓi No Border. Idan an farga nan take, Ctrl da Z ya wadatar. Wani misalin shi ne tsayayyen layi a gefen takarda, wanda ke nuna an kunna bin sawun gyare-gyare. Ɓoye shi ba ya cire gyare-gyaren daga fayil, dole a amince da kowanne ko a ƙi shi a sashen Review. In ba haka ba, duk abin da malami ya soke zai iya isa hannun mai jarrabawa na waje.

Tambaya ta biyar: idan manuni yana tsayawa a gefenta, wane harafi ce? A sanya manuni a bayanta a danna Alt da X, sai ta rikiɗe ta zama lambarta ta tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 domin bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Idan aka sake dannawa sai ta koma yadda take. Da lambar ake gane ko wace ce.

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ga mai rubutu da Hausa. Sau da yawa akan buɗe fayil a wata kwamfuta a ga akwati wayam a inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ. Waɗansu sukan bi su goge akwatunan, su ɓata kalmomin. Alhali harafin yana nan lafiya: lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ kuma 0253. Salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da zanensu, da an canza salo sai su bayyana. Akasin haka kan faru da tsofaffin fayiloli da aka buga da salon Hausa na musamman kafin Unicode ya yaɗu, inda aka ari gurbin wata alama aka zana harafi mai lanƙwasa a ciki. Idan babu wannan salo a kwamfuta sai a ga “}asa” a maimakon “ƙasa”. Gyara mai ɗorewa a nan shi ne a yi amfani da umarnin nema da musanyawa, wato Ctrl da H, a sauya kowace aron alama da harafin gaske.

Shafin da ya ƙi tafiya

Akwai wata matsala ’yar gida ɗaya da waɗannan da ke damun masu kundi, wato farin shafi a ƙarshen fayil. Yawanci tarin ¶ ne da aka buga da Enter domin tura rubutu gaba, kuma da an kunna rini za a gan su a goge. Amma idan jadawali ne ya cika shafin ƙarshe, lamarin ya bambanta. Word yana buƙatar sakin layi bayan kowane jadawali, idan babu wuri sai wannan sakin layi ya faɗa sabon shafi shi kaɗai. Tun da ba ya goguwa, dabara ita ce a zaɓi ¶ ɗin a mayar da girmanta 1, a cire tazarar da ke samanta da ƙasanta, sai ta sami wurin raɓawa a ƙarƙashin jadawalin, farin shafin ya tafi.

Kammalawa

Ɓoye alamomin kundin ɗalibar bai ɗauke mu daƙiƙa biyu ba. Gyara ɓarnar da gogewa ta yi shi ne ya cinye mana yammaci guda, domin ta riga ta adana fayil ɗin ta rufe, Ctrl da Z ba shi da sauran amfani. Abin da ya cece ta shi ne kwafin da ta aiko mini makonni biyu kafin nan. Muka ajiye su gefe da gefe, muka kunna rinin da gangan, ta bi babi na uku tana mayar da kowane sakin layi da kowane kanu mazauninsa. Ta miƙa aikinta a kan lokaci. Da ta bi shawarar wanke kwamfuta ba tare da kwafi ba, da aikin shekara ya salwanta, kuma da wani ɗalibin ya taɓa maɓallan nan uku gobe, shi ma a ce masa cuta ce.

Shawarata ga mai karatu ita ce kada ya jira sai ranar miƙa aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya buɗe sabon fayil yau, ya buga kanu ɗaya da sakin layi biyu da ƙaramin jadawali, ya sanya hoto, ya buga karan ɗori uku ya danna Enter. Sannan ya kunna rini, ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya da tambayoyin nan biyar, ya rubuta a littafinsa wadda ta gogu da wadda ta ƙi, da abin da ya faru da shafin bayan kowace gogewa. Rabin sa’a ya isa wannan aiki. Ni kaina da rini a kunne nake duba kundin kowane ɗalibi, domin a nan nake ganin wanda ya jera tazara ashirin don tura kanu tsakiya, da wanda ya tara Enter goma don buɗe sabon babi, tun kafin shafukan su wargaje a shagon buga takardu.